Kwanakin Zango Ma Na Allah Ne

Karatu: Irmiya 29:1-14, Yaƙub 4:13-17

 Wannan saƙo naka ne, kai saurayin da ka bar gida ka tafi neman abinci a wata ƙasa, da ke budurwar da kike aiki nesa da iyayenki. Naku ne kuma, ku iyaye da dattawan ikkilisiya, da kuke zaune a gida kuna jiran ƙarar waya.

Bari mu leƙa Madina, wata babbar unguwa a arewacin birnin Akra na ƙasar Ghana, birnin da kakanninmu suke kira Ankara. Mu ɗauki misalin wani saurayi mai bi, wanda ya fito daga ƙasar Maraɗi, ko Katsina, ko kudancin Kaduna. Ɗaki ɗaya suke kwana su biyar. Kiran sallar asuba daga masallacin maƙwabta shi ne agogonsa. Yakan bi layi ya biya kuɗin wanka, ya sha koko da ƙosai a tsaye, ya shiga motar haya da suke kira torotoro. Wani dakon buhunan albasa yake yi, wani tallar yadi a ka, wani sayen tsoffin ƙarafa, wani gadi, wani yana taya mai shayi ko mai tsire. Da dare ya ci shinkafa da wake, abincin da mutanen ƙasar suka ari sunansa daga bakinmu suke ce masa waakye. Sai ya zauna ya ƙirga abin da ya samu: wannan na haya, wannan na mai adashi, wannan kuwa za a tura gida ta waya.

Kansa cike yake da shiri. Yana so ya sa wa ɗakin mahaifiyarsa kwano. Yana so ya sayi babur, ko shanun huɗa, ko ya buɗe ɗan shago. Akwai yarinyar da aka yi masa alkawari. Ka tambaye shi yaushe zai koma, amsar kusan ɗaya ce kullum: "Bana kaɗai ce, baɗi war haka ina gida." Wani ya fara faɗin haka shekara biyu da suka wuce, wani kuwa shekara goma sha biyu, har furfura ta leƙo a gemunsa yana nan yana cewa baɗi.

Ga tambayar da muke so mu yi tunani a kanta yau. Kwanakin nan da kake yi a baƙunci, su ne rayuwarka ta ainihi, ko kuwa jira ne kawai kafin rayuwar ta fara? Kada ka yi saurin amsawa da baki. Amsar da ke zuciyarka ita take mulkin hannunka, da harshenka, da aljihunka.

Zangon da ya zama gari

Ka san ma'anar zango. A zamanin da, fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da kanwa, da fatu, da tufafi, su nufi Gwanja da kasuwar Salaga su sayo goro. Inda ayari ya sauke kaya ya kwana, nan ne zango. Ba a dasa itace a zango, ba a gina rijiya, domin da gari ya waye za a ɗaura wa jakai kaya a wuce.

Amma dubi abin da ya faru a Akra. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta tashi a shekarun 1930, a wurin da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya samu fili. Maamobi ta bunƙasa kusa da ita. An kafa Madina a shekarar 1959 ƙarƙashin Alhaji Seidu Kardo. Yau waɗannan unguwanni cike suke da mutane daga kabilu da ƙasashe dabam dabam, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki da gaisuwa a tsakaninsu. Da yawa daga cikinsu jikokin mutanen da suka zo yin 'yan shekaru ne su koma. An haife su a nan, sun yi aure a nan, sun binne iyayensu a nan, sunan wurin kuwa har yanzu zango.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan labari. Sa'ad da Yakubu ya gudu daga fushin Isuwa, mahaifiyarsa Rifkatu ta aike shi wurin ɗan'uwanta Laban da nufin ya yi 'yan kwanaki kawai. Kwanakin suka zama shekara ashirin. A can ya yi aure, a can aka haifa masa 'ya'ya goma sha ɗaya maza, a can kawunsa ya yi ta sauya masa lada. Ba mu karanta ko'ina cewa ya sāke ganin mahaifiyarsa da rai ba. Da Yakubu ya ce zai jira ya koma Kan'ana kafin ya fara rayuwa, da shekarun ƙarfinsa duka sun tafi a banza.

Wasiƙar da ba a so a ji

Wajen shekara 597 kafin haihuwar Almasihu, sarki Nebukadnezzar ya kwashi sarkin Yahuza da manyan mutane da masu sana'a ya kai su Babila. Zukatansu suna Urushalima. Sai wani annabin ƙarya mai suna Hananiya ya yi shelar cewa cikin shekara biyu kowa zai koma. Maganar ta yi wa kunne daɗi. Wanda ya gaskata ta ba zai kwance kayansa ba, ba zai kafa bukka mai ƙarfi ba, ba zai ko tambayi sunan maƙwabcinsa ba.

Sai Allah ya sa Irmiya ya rubuta musu wasiƙa. Ka buɗe sura 29 ka karanta da kanka. A taƙaice ya gaya musu cewa zaman zai kai shekara saba'in, don haka su kafa gidaje, su yi noma, su yi aure su aurar, su kuma nemi alherin garin da ya ci su da yaƙi, har su riƙa yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da lafiyar garin. Aya ta 11, wadda muke so mu rubuta a jikin mota da kan kalanda domin tana maganar kyakkyawan nufin Allah game da gobe, a cikin wannan wasiƙa take. An ba da ita ga mutanen da yawancinsu za su mutu a baƙunci. Allah bai ce su manta da gida ba, gama alkawarin komawa yana nan. Abin da ya hana su shi ne su mai da yau abin banza saboda gobe.

Ɗan'uwa, babu wata rana a cikin kwanakinka da Allah ya ba ka a matsayin gwaji, wadda ba za a lissafa ba. Talatar da ka yi kana dako a kasuwar Madina tana da nauyi ɗaya a gabansa da ranar da za ka shiga sabon gidanka a ƙauye.

Abin da "ai ni baƙo ne" yakan haifa

Na fari, yakan ci hali. A gida akwai idon kawu, da na fasto, da na tsohuwar da ta goya ka. A zango ba wanda ya san sunan babanka. Sai zuciya ta ce, "Wannan ba ni ba ne, halin neman kuɗi ne kawai, in na koma zan gyara." Da haka ake jera albasa mai kyau a bakin buhu a ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙasa. Da haka ake fara shan ƙwaya domin a jure dako, a fara cacar ƙwallo a waya domin a taƙaita shekarun wahala. Da haka saurayi yakan ajiye 'yar mutane a ɗaki ba aure, yana cewa matarsa ta gaskiya tana gida, ran tafiya kuwa ya bar ta da goyo. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Wannan magana tana da amfani wajen gaisuwa da sutura da abinci, amma ba ta da hurumi a kan zunubi. Hali ba riga ba ne da za ka tuɓe a iyakar ƙasa ka sa wata. Mutumin da kake ginawa a Madina shi ne zai sauka daga mota a garinku. Ka tuna da Yusufu a gidan Fotifar. Bawa ne, baƙo ne, ba ɗan'uwa ko ɗaya kusa, ba kuma ranar komawa. Da jaraba ta zo, bai yi lissafin wanda zai gani ba. Allah ya tuna, ya gudu.

Na biyu, yakan ci gaskiya tsakaninka da gida. Ka tsaya kusa da motar wani an ɗauke ka hoto ka aika. Ka ci bashi ka yi wa kowa tsarabar Kirsimeti domin kada a ce ba ka samu ba. Mutanen gida suka ga hoto suka gaskata, sai roƙo ya ƙaru, kai kuwa kana fushi da su a kan ƙaryar da kai ka shuka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kula da iyaye wajibi ne, manzo Bulus ya yi magana mai zafi a kan wannan a 1 Timoti sura 5. Amma girmama iyaye ya haɗa da gaya musu gaskiya. Ka gaya wa mahaifinka nawa kake samu, nawa haya take ci, nawa za ka iya aikawa kowane wata ba tare da bashi ba. Zai yi zafi sau ɗaya, ya fi ciwon da ake ɓoyewa shekara da shekaru.

Na uku, yakan ci zumunci, da Allah da mutane. Ka ce ba ka jin Turanci sosai, ba ka jin Tuwi ko Ga, waƙoƙinsu ba irin namu ba ne, in ka koma gida za ka koma sujada. Garwashin da aka ware daga murhu bai daɗe da ja ba. Ka nemi ikkilisiya mai koyar da Maganar Allah ka shiga, ko da rabin wa'azin kake fahimta. Ku da kuke jin Hausa, ko ku uku ne, ku haɗu da yamma ku karanta sura ɗaya ku yi addu'a. Ka kuma lura da masu yi maka alkawarin biza da arziki cikin kwana arba'in in ka kawo kuɗi. Hananiya yana da jikoki.

Maƙwabtanka kuma fa? Yawancinsu Musulmi ne, mai yiwuwa ma wani dattijo Musulmi ne ya ba ka masauki ranar da ka sauka ba ka san kowa ba. Ka riƙe amanarsa. Ka je gaisuwar mutuwa, ka je barkar haihuwa, kada ka ɓoye bangaskiyarka, kada kuma ka yi gori da ita. A shekarar 2019, babban limamin ƙasar Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je majami'ar Katolika ta Christ the King a Akra ranar Ista, lokacin cikarsa shekara ɗari. Zaman lafiya irin wannan gado ne da wasu suka sha wahala suka gina, kada ya lalace a hannunka. Neman alherin gari yana sauka har ƙasa, har kan kwata. A daren 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah sun kashe mutum fiye da 150. Ruwan bai tambayi kowa takardar ƙasarsa ba. Ran da unguwa ta fito yashe magudana, ka ɗauki shebur ka fito.

To, kada a yi shiri ke nan?

Mai yiwuwa ka ce, "In na sa zuciyata a nan, ba zan manta da abin da ya kawo ni ba? Baƙon da ya miƙe ƙafa da yawa ai yakan sha mamaki." Kana da gaskiya, tarihi ma yana bayanka. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana. Dubban mutane suka fita daga zanguna, suka sayar da abin da suka tara a wulaƙance. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan, mutanen Ghana wajen miliyan ɗaya suka kama hanya da kayansu a jakunkuna. A kwanan baya ma mun gani. A 2021 an tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie aka mai da ita Adjen Kotoku, can bayan gari. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin 100, kuɗin da wasu suka ɓoye a ƙarƙashin katifa ya narke suna kallo. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an rufe iyakoki, motocin albasa suka tsaya a hanya kaya yana ruɓewa. A watan Janairu na 2025 gobara ta cinye babban sashe na kasuwar gwanjo ta Kantamanto cikin dare ɗaya.

Duk wannan yana koya mana abu biyu a lokaci guda. Dole ka yi shiri, gama don tuwon gobe ake wanke tukunya, gida biyu kuma maganin gobara. Amma ba ka da ikon jingina ranka a kan shirin. Abin da Yaƙub yake faɗa ke nan a sura 4. Da 'yan cin rani irinka yake magana, masu tsara garin da za su je, da tsawon zaman, da ribar da za su ci. Bai tsauta musu don sun yi lissafi ba. Ya tsauta musu don sun yi lissafin kamar gobe a aljihunsu take, alhali ran mutum kamar hazon safiya yake. Ya ce su sa nufin Ubangiji a gaba. Mu Hausawa mun saba da cewa "in Allah ya yarda" har ta zama kamar tari a bakinmu. Gwajin ita ce ranar da Allah bai yarda ba. A ranar ne za a san ko shirinka bawa ne a hannunka, ko kuwa ya zama gunkin da kake yi wa sujada.

Shiri na mai bi yana da alamu. Yana da adadi: ka san nawa kake nema, domin wanda bai sa wa nema iyaka ba, ba ranar da zai ce ya isa. Yana da lokaci: ka sa ranar da za ka zauna ka duba, ko ka ci gaba, ko ka koma, ko ka kawo iyalinka. Yana da mashaidi: ka gaya wa wani dattijo mai tsoron Allah, wanda zai iya tambayarka ina kuɗin suka shiga. Ba ya dogara ga kuɗi kaɗai: ka koyi sana'a, ɗinki, ko walda, ko gyaran waya, ko karatu da rubutu, domin gobara ba ta cin abin da ke cikin kai da hannu. Ka kuma gyara takardunka na zama bisa dokar ƙasar, kada ka bi ta bayan gida. A ƙarshe, shirin mai bi yana barin wuri domin bayarwa. In ba ka iya ba da baiko daga sidi ashirin ba, ko ka sayi magani wa abokin ɗakinka da zazzaɓi ya kwantar, ba za ka iya ba ranar da kuɗin suka yi yawa.

In an koma hannu wofi

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Da yawa ba kuɗi ne ya riƙe su a zango ba, kunya ce. Sun ga sa'o'insu sun koma da babur, su kuwa ba su da ko kuɗin mota, sai suka daina kiran gida. Ɗan'uwa, in kai ne, ka saurara. Na'omi ta tafi Mowab gudun yunwa da miji da 'ya'ya biyu, ta komo Baitalami ba ko ɗaya daga cikinsu, tana ganin kanta wofi. Amma Rut tana biye da ita, daga zuriyar Rut kuwa aka sami sarki Dawuda, daga zuriyar Dawuda aka haifi Mai Ceto. Abin da ka komo da shi ba duka ne yake shiga jaka ba. In ka komo da sunanka a tsabtace, da bangaskiyarka a raye, da hannun da ya koyi aiki, ba ka yi asara ba.

Ku iyaye, ku taimaki 'ya'yanku. In ɗanku ya kira, ku fara tambayar lafiyarsa, da inda yake sujada, da waɗanda yake zama da su, kafin maganar taki da kuɗin makarantar ƙannensa. Kada ku auna shi da ɗan maƙwabci, ba ku san ta hanyar da wancan ya samu ba. Ku gaya masa a fili cewa ƙofa a buɗe take, da kaya ko ba kaya. Ku dattawan ikkilisiya, ku rubuta sunayen matasanku da suke waje, ku riƙa ambatonsu a addu'ar Laraba, ku kira su ko sau ɗaya a wata.

Ubangijinmu da kansa ya san baƙunci. Yana jariri aka gudu da shi Masar. Ya yi shekaru yana aikin kafinta a Nazarat, ƙauyen da ake rainawa, ya kuma san sarai cewa ba nan ne gidansa na har abada ba. Duk da haka bai raina ko ɗaya daga cikin kwanakin nan ba. Ya mutu domin zunubanmu, ya tashi, ya tafi shirya mana mazauni. Don haka Kano ma zango ce, Maraɗi zango ce, gidan kwanon da kake mafarki shi ma zango ne. In ba ka ba shi ranka ba tukuna, kada ka ce sai ka koma gida. A inda kake zaune yanzu, a kan tabarmar nan, yana jin ka.

Abin yi a wannan mako: ka rubuta shirinka a takarda, ka shimfiɗa ta a gaban Allah cikin addu'a. Sa'an nan ka kira gida ka faɗi gaskiya ɗaya da ka daɗe kana ɓoyewa.

Addu'a: Ya Uba na sama, kai da ka kasance tare da Yakubu a Haran, da Yusufu a Masar, da jama'arka a Babila, ka kasance tare da 'ya'yanmu da suke Madina, da Nima, da Maamobi, da kowane zango na duniya. Ka tsare su daga mugunta da mugayen abokai. Ka sa albarka a guminsu, ka ba su gaskiya a ciniki da salama da maƙwabta. Ka koya mana mu yi shiri da hikima, mu kuma bar gobe a hannunka. Ka ta'azantar da iyayen da suke jira. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.